Kwana Biyar na Gashi a Yamai

A wani ƙauye da ke kudu da Maradi, tafiyar sa'a guda a amalanke daga bakin kwalta, an yi wata mace wadda kowa yake kira Inna, har da waɗanda suka girme ta. Ita ce ta riƙe zumuntar mata ta ikilisiyar ƙauyen shekaru da yawa, ita ce kuma ake tasa da tsakar dare idan naƙuda ta yi wa wata tsanani. Shekarunta sun kai hamsin da shida ko kusa da haka. Ta haifi takwas, biyar suna raye. Maigidanta manomi ne, dattijo a cikin ikilisiya, mutum marar yawan magana, wanda idan ya ƙudura abu a ransa sai ya yi shi.

Da daminar 2022 cikin Inna ya soma tasowa. Tun da yake al'ada ta ɗauke mata da daɗewa, sai mata suka riƙa yi mata ba'a a bakin rijiya, suna cewa ko za ta yi irin ta Saratu ne, ta haihu da tsufa. Ita ma ta yi dariya tare da su. Amma loma uku ta tuwo takan ƙosar da ita, fitsari yana matsa mata sau da yawa, ɗaurin zane kuma kullum sai ta ƙara sassauta shi, alhali hannuwanta da wuyanta suna ramewa. A ɗan asibitin da ke kusa aka ba ta maganin tsutsar ciki, da ta koma aka ba ta na gyambon ciki. Ba a ga laifin kowa a nan ba, gama alamun wannan ciwo a farkonsa ba su da bambanci da na ɓacin ciki na yau da kullum, shi ya sa ko a ƙasashen da ke da manyan asibitoci mafi yawan mata ba a gane shi a jikinsu sai ya riga ya yi nisa. Wata huɗu suka wuce kafin a kai ta babban asibiti, aka yi mata hoton ciki wanda ake kira eko, aka ga ruwa ya taru, aka kuma ga ƙari a gefen mahaifa.

Mace tana da gidan ƙwai guda biyu, ɗaya a dama da mahaifa, ɗaya a hagu, kowanne bai fi ɗan dabino girma ba. Idan kansa ta kama shi, ba ta cika tsayawa wuri ɗaya ta yi dunƙule kamar ta nono ba. Ƙananan ƙwayoyinta sukan ɓalle su faɗa cikin ruwan da ke zagaya kayan ciki, ruwan ya kwashe su, su manne a bayan hanji, da rigar kitsen nan da ke lulluɓe hanji, wadda duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san ta, da saman hanta, da ƙarƙashin huhu. Likitoci sun kasa ciwon mataki huɗu. A na ɗaya yana cikin gidan ƙwai kaɗai, a na biyu ya taɓa abin da ke maƙwabtaka da shi a mara, a na uku ya watsu cikin ciki, a na huɗu kuwa ya shiga cikin naman hanta, ko ruwan huhu, ko wani wuri mai nisa. Sa'ad da aka buɗe cikin Inna bayan girbin shekarar nan, nata yana mataki na uku.

Aka cire mahaifa da gidan ƙwai biyu da rigar kitsen, da duk abin da wuƙa za ta iya kaiwa. Sa'an nan aka sa ta a kan maganin da ake ƙarawa ta jijiya, wanda mutanen birni suke kira shimiyo: karboplatin da paklitaksel, sau shida, mako uku tsakanin kowane biyu. Sumar kanta ta zube, tafin ƙafarta ya riƙa yi mata kamar tana taka ƙaya. Bijimin noma ya tafi, tumaki uku suka bi shi. Amma awon jinin nan da ake kira CA-125, wanda yakan hau idan ciwon yana aiki, ya sauka, cikinta kuma ya koma daidai. Da daminar 2023 ta nome gamanarta da hannunta, ta shuka gyaɗa da kuɓewa, ta kawo tiya biyu na gyaɗa ran godiyar kaka. Likitan da ya yi mata aiki ya riga ya ja maigidan gefe ya faɗa masa cewa a wurin mafi yawan matan da ciwonsu ya kai wannan mataki yakan dawo, ko da magani ya yi aiki da kyau. Dattijon ya ji, ya haɗiye maganar, bai faɗa wa kowa ba.

Ya kuwa dawo da sanyin farkon 2024. Hoton sikana ya nuna ɗigo-ɗigo a cikin hanta, da wasu a bayan hanji, da wani ƙari babba a mara ta wajen hagu. Aka sake gwada shimiyo sau uku, bai riƙe ba. Ƙarin nan na mara shi ne ya fi damunta, ko da yake ba shi ne mafi hatsari ba. Ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, har ya zamana ba ta iya kwanciya a kan tabarma sai a jingine, ba ta kuwa barci sai gyangyaɗi. Ya kuma soma zubar da jini ta gaba, kaɗan-kaɗan, ba dare ba rana. Macen da ta yi shekara talatin tana zama a bencin gaba ta daina zuwa sujada, domin wata Lahadi ta tashi ta ga tabo a zanenta, wata yarinya kuma ta gani. Ciwon ƙafar ta iya faɗarsa ga kowa. Wannan kuwa ba ta faɗa wa kowa ba sai 'yarta ta biyu, wadda ta yi lakwal har kwaleji, take ɗinki a Maradi. A ƙarshen bazara likita ya rubuta takarda, ya ce a kai ta Yamai a yi mata gashi.

Kalmar ce ta fara ba mutane tsoro. Abin da aka sani ana gasawa shi ne nama da masara, saboda haka kafin magariba labari ya gama ƙauye cewa za a sa Inna cikin wuta. Waɗansu suka ce wanda aka gasa yakan dawo da wutar a jikinsa, kada mai ciki ta matso kusa da shi. Wani baƙon mai wa'azi da ya kwana biyu a garin ya ce zancen likitoci duk rashin bangaskiya ne, a daina ambaton ciwon da sunansa, a furta warkarwa kawai. Irin wannan magana tana da daɗin ji, amma nauyinta a kan marar lafiya yake sauka, gama idan bai tashi ba sai a ce shi ne bai gaskata sosai ba, ya zamana yana ɗauke da ciwo yana kuma ɗauke da laifi. Inna ta gode masa, ta sa aka ba shi fura.

Maigidan kuwa ya fahimci kalmar ta wata hanya dabam. A ganinsa, abin da wuƙa ta kasa, ruwan magani kuma ya kasa, wuta za ta cinye shi ƙurmus. Da dare ya tara 'ya'yansa maza ya ce ya yi magana da wani ɗan kasuwa, zai sayar masa da rabin gandu, wato gonar da ke bakin fadama, domin a zauna a Yamai ko wata nawa ne har a gasa ciwon duka. Babban ɗan ya sunkuyar da kai. Gonar nan ita ce ke ciyar da gida mai mutum goma sha tara, amma wane ɗa ne zai buɗe baki ya ce gona ta fi uwarsa? Aka kuma yi shawara kada a gaya wa Inna abin da hoton hanta ya nuna. Aka ja wa 'yar da za ta raka su kunne, tun da yake ita ce za ta yi tafinta, cewa idan likita ya faɗi abu mai nauyi ta sassauta shi kafin ya isa kunnen uwarta. Ɗan kasuwan ya yarda zai jira har su dawo da lissafin abin da za a kashe.

Daga Maradi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Motar takan tashi da asuba, ta bi ta Madawa, Galmi, Ƙonni, Dogondutsi da Doso, ta isa da yamma idan ba a sami matsala ba. An saya wa Inna kujera biyu domin ta miƙe ƙafar. Da a ce shekara huɗu kafin wannan ne, da tafiyar ma ba ta da amfani, gama sai a 2021 aka buɗe wurin gashi na farko a ƙasar Nijar, a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin lokacin, wanda likita ya rubuta wa gashi sai ya ƙetare iyaka, in yana da hali, in ba shi da shi ya koma gida. Abin mamaki ne ga ƙasar da ake haƙar yuraniyom a cikinta, a Arlit, tun 1971, aka kuma yi shekaru ana kai shi Turai yana ba birane wuta. Na'urar da aka fara aiki da ita a Yamai ta kobal ce, shi kuwa kobal ɗin da ke ba da hasken a cikin tukunyar nukiliya ake yin sa, wadda yuraniyom ne makamashinta.

Suka sauka a gidan wani ɗan'uwa mai bi da ke gadi a birnin. Ran da aka kira su, likitan ya daɗe yana duban hotuna, sa'an nan ya soma bayani da Faransanci, yarinyar tana juyawa. Ta juya gaisuwa daidai, ta juya tambayoyin ciwo daidai. Da aka zo kan hanta sai ta ce, "Inna, ya ce za a duba a gani." Inna ta dube ta. Macen da ta karɓi haihuwa fiye da yadda za ta iya ƙirgawa ta san fuskar mai ɓoye labari. Ta ce, "Ke, maganarsa ta fi taki tsawo. Ki tambaye shi yadda zan faɗa, ki kuma faɗa mini yadda ya faɗa. Wannan gashi zai warkar da ni?"

Yarinyar ta dubi ubanta, uban ya dubi ƙasa. Likitan yana jin Hausa daidai gwargwado, sai ya jawo kujerarsa kusa, ya amsa da kansa. Ya ce, "Inna, ba zai warkar da ke ba. Amma akwai abin da zai yi miki, ba kuwa ƙarami ba ne." Ya ɗauki takarda ya zana ciki, ya ɗiga ɗigo da yawa a ko'ina, ya zana ƙwallo ɗaya a ƙasa ta hagu, ya kewaye shi da layi huɗu. Ya ce hasken ba ya aiki sai a inda aka auna shi. Abin da ke cikin layin nan zai ƙanƙance, jinin zai tsaya in Allah ya yarda, gama yakan tsaya a wurin mafi yawan waɗanda aka yi wa, ciwon ƙafar kuma akwai kyakkyawan zato zai ragu. Abin da ke bayan layin kuwa, hasken ba zai taɓa shi ba.

A nan ne maigidan ya yi magana. Ya ce, "Likita, to, a faɗaɗa layin mana, a gasa cikin duka. In don kuɗi ne, ina da gona." Tambayar ba ta wauta ba ce, likitoci ma sun yi ta, sun kuma gwada. A shekarun 1970 da 1980, musamman a birnin Toronto na ƙasar Kanada, an riƙa haska cikin mace gaba ɗaya bayan aiki, tun daga ƙarƙashin huhu har mara. Ya taimaki waɗansu da abin da ya rage a cikinsu ɗan kaɗan ne ƙwarai. Amma hanta da ƙoda da hanji ba su iya ɗaukar yawan hasken da zai kashe ƙari mai girma. Kafin a kai ga wannan adadi su ne za su fara lalacewa, waɗansu matan kuma hanjinsu ya toshe daga baya har sai da aka sake yi musu aiki. Da magungunan platin suka fito, wanda na farkonsu, sisplatin, aka amince da shi a Amurka a 1978, sai aka bar wannan hanya kusan ɗungum, domin magani yana bin jini ya kai inda haske ba zai iya bi ɗaya-ɗaya ba. Likitan bai kawo shekaru ba. Ya ce wa dattijon, manomi yakan tara kututture ya ƙone shi a wuri ɗaya, amma idan ƙuduji ya bazu cikin hatsi ba a sa wa gona wuta. Ya ce, "Baba, ko ka kawo kuɗin gona goma, layin nan ba zai ƙaru ba. Riƙe gonarka."

Inna ba ta yi kuka ba. 'Yarta ce ta yi. Mutane sukan ce ana ɓoye wa marar lafiya gaskiya domin kada zuciyarsa ta karye, wani lokaci kuma haka ne, akwai wanda ba ya so a faɗa masa, ba a kuwa tilasta masa ji. Amma sau da yawa masu ɓoyewar kansu suke tausaya wa, domin ba su san yadda za su zauna da shi ba bayan an faɗa. Shi kuwa yana kwance ya riga ya sani, gama jikinsa ne, sai ya zamana kowa yana yi wa kowa wasa, ba mai iya sallama da wani. Inna ta yi tambaya a fili, tambayar da aka yi a fili kuwa ta cancanci amsa.

Likitan ya ce akwai hanya biyu. Ana auna hasken da ma'aunin da ake kira gire. Ana iya ba ta gire 30 a kwana goma, ko gire 20 a kwana biyar. Ga mai neman sauƙin ciwo da tsayar da jini, bambancin da ke tsakaninsu ba shi da yawa, akwai ma waɗanda ake ba gire 8 sau ɗaya tak idan tafiya ta yi musu wuya. Inna ta juya ta tambayi maigidanta kwana nawa yake gani ya rage ruwan shuka ya sauka. Ya ce bai fi mako biyu ko uku ba. Ta ce, "A yi mini na kwana biyar."

Kafin a fara sai da aka sake sa ta cikin sikana, a kwance yadda za ta riƙa kwanciya kowace rana, domin a auna zurfin ƙarin da abin da ke kewaye da shi. Aka ɗiga mata alama uku a fata, ɗaya a mara, ɗaya a kowane kwatangwalo, aka ce kada ta goge su. Bayan 'yan kwanaki aka kira ta. Ɗakin yana da bango mai kaurin gaske da ƙofa mai nauyi. Malaman asibiti suka kwantar da ita, suka daidaita alamun nan da wani jan haske siriri, suka fita duka, suka bar ta ita kaɗai, suna kallonta ta na'ura suna yi mata magana ta lasifika. Wannan fitar tasu ita ce ta fi tsorata ta, gama ta ce a ranta abin da masu shi suke gudu lalle ba ƙarami ba ne. Daga baya wata malama ta bayyana mata cewa ita kwana biyar za ta yi, su kuwa kowace rana ta shekara suna wurin, da suna tsayawa da abin ya taru a jikinsu.

Kan na'urar ya juyo samanta, ya tsaya, ya yi ƙara kaɗan, ya zagaya ƙarƙashin gadon, ya sake tsayawa. Tana jiran zafi, tana rera waƙar zumunta a cikin maƙogwaro domin kada ta motsa, sai ta ji an buɗe ƙofa. Duka bai kai minti goma sha biyar ba. Ta tambaya ko na'urar ta ƙi tashi ne. Ba wuta a cikin gashi, ba zafi, ba a ganin kome. Haske ne ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wanda wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano a 1895, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Yakan ratsa jiki ya ɓata rubutun da ke cikin ƙwayar halitta, wanda take bi ta rabu biyu ta hayayyafa. Lafiyayyar ƙwaya takan gyara yawancin ɓarnar kafin gobe, ta kansa kuwa ba ta iya gyara sosai, sai ta mutu sa'ad da ta zo rabuwa. Dalili ke nan da ake kasa hasken kwana-kwana, dalili ke nan kuma da ba a ganin amfaninsa nan take.

Wannan jinkiri ya kusa karya zuciyar maigidan. A rana ta uku ciwon ƙafar ya ƙaru maimakon ya ragu, zawo ya kama ta, gajiya ta rufe ta har ba ta iya gama kofin kunu. Dattijon ya zauna a ƙofar gidan da suka sauka yana cewa sun kawo ta an ƙara mata wahala a banza. An riga an faɗa musu haka na iya faruwa, domin wurin da aka haska yakan ɗan kumbura da fari, hanjin da ke kusa kuma yakan ji a jikinsa. Amma jin abu a ofishin likita dabam, ganinsa da tsakar dare dabam. Aka ba ta maganin zawo da ruwan gishiri da sukari, aka ƙara mata na ciwo. Ran Jumma'a aka gama. Aka ba su takarda zuwa ga likitan da ya aiko su, da shawarar a ci gaba da ba ta morfin ta baki a kan lokaci, ba sai ciwo ya tashi ba.

Da suka iso gida mutane suka zo sannu da zuwa, amma suka tsaya nesa-nesa. Matar ƙaramin ɗanta, mai ciki wata bakwai, ta gaishe ta daga bakin ƙofa. 'Yar nan mai ɗinki ta ɗauko jikan Inna na goye ta ɗora mata a cinya a gaban kowa, ta ce likita ya ce hasken da ake haskawa daga waje ba ya zama a jiki, da an kashe na'ura ya ƙare, kamar yadda mutum ba ya shigo da rana ɗaki don ya yini a cikinta. Ba duka suka gaskata a ranar ba. Da aka kwana uku yaron bai yi kome ba, sai tabarmar Inna ta cika.

Jinin ya soma raguwa a makon farko, kafin ƙarshen na biyu ya tsaya. Ciwon ƙafar bai tafi duka ba, amma ya sauka har ɗan morfin da take sha ya ishe shi. Shi ma morfin sai da aka yi gardama a kansa, gama wani ya ce maganin 'yan maye ne, wani ya ce ba a ba da shi sai ga wanda za ya mutu gobe. Ita dai ta sha, ta yi barci a kwance, abin da ta yi wata uku ba ta yi ba. Ran Lahadi ta uku ta ɗaura zanen zumunta, ta ɗauki sanda, ta taka da ƙafarta zuwa majami'a, ta zauna a bencin gaba. Da aka tashi waƙa ta tashi tare da mata, ba ta waiwaya ta dubi inda ta zauna ba.

Ruwan shuka ya sauka a makon nan. Aka ɗauke ta a amalanke zuwa gonar bakin fadama, maigidan yana gaba yana sara da sungumi, ita tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddigen ƙafarta mai lafiya. Layi biyu ta yi ta gaji, ta koma gindin gawo ta zauna tana yi wa jikoki faɗa a kan yawan irin da suke zubawa. Ɗan kasuwan ya aiko a tambaya, aka ce masa an fasa.

Abin da ke bayan layin likita ya ci gaba da aikinsa, kamar yadda aka faɗa. Ruwa ya sake taruwa a cikinta, aka riƙa kai ta asibiti ana zuƙe shi da allura, da fari bayan mako huɗu, daga baya bayan mako biyu, a cikin daminar nan ta 2024 mai yawan ruwa da ta rushe gidaje da dama a ƙasar Maradi, har wata rana amalanken ya kasa ƙetare kwari suka juyo. Idanunta suka soma yin rawaya. Amma wata huɗu da 'yan kwanaki ta yi a cikin hankalinta, a ɗakinta. Ta karɓi jaririn matar ƙaramin ɗanta a hannu ran suna. Ta raba kwanoninta da zannuwanta da bakinta, ta biya wata mata bashin tiya ɗaya na wake wanda matar ma ta manta da shi. Ta kira 'ya'yanta mata biyu ta maimaita musu abin da likita ya ce, wato irin wannan ciwo wani lokaci yana bin jini, saboda haka duk asibitin da suka je su faɗa cewa uwarsu ta yi shi, idan kuma ciki ya kumbura ko ƙoshi ya riƙa zuwa da wuri har makonni, kada su tsaya ga maganin tsutsa, su roƙa a yi musu eko. Da maigidanta kuwa sukan zauna bayan an ci tuwon dare, su biyu, a yi ta jin muryarsu ƙasa-ƙasa. A wani daren ne ya faɗa mata abin da likitan farko ya gaya masa, wanda ya riƙe shekara ɗaya da rabi. Ta ce, "Malam, ai na ga ranar da ya ja ka gefe."

A makonta na ƙarshe abinci ya daina wucewa, sai ɗan ruwa a cokali. Ta rasu da asubahin wata Talata, ana cikin yankan hatsi. Matan zumunta da suka yi mata wanka suka ga ɗigo uku a fatarta, ɗaya a mara, ɗaya a kowane kwatangwalo, wata ta sa soso za ta goge, 'yar ta ce a bar su. Bayan kwana uku na zaman makoki maigidan ya ɗauki 'ya'yansa suka koma gonar bakin fadama, domin hatsin ya bushe a tsaye, tsuntsaye kuma sun fara sauka.